Harafin Farko a Buhunan Alfa Musa

Cikin ranakun da na yi a aikin nan akwai guda da ta ƙi fita raina, ita ce ranar da na hau motar Djougou da sabon kwaɗo a jakata da takardar dakatar da wani dattijo daga aiki. Ina zaune a kujerar gaba, na kafa ɗaurin ɗankwali, ina jin yau zan nuna wa wani cewa mu mutanen Parakou ba a yi mana wayo. Ku da kuka shigo ofishinmu bana kuna yawan ƙorafi a bayan idona cewa ina mayar muku da takarda sau uku saboda kalma ɗaya. Ina jinku sarai. To ga dalilin.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfaninmu na irin shuka ne. Akwai manoman da muka horar suna noma mana iri, mu karɓa, mu tace, mu zuba a buhu a Parakou, sannan a raba wa ɗakunan ajiyarmu na garuruwa, waɗanda muke ce wa magaza. Kowace magaza tana da mai riƙe da makullanta. A samansa akwai malamin gona mai zagaya ƙauyuka, a saman kowa kuma akwai darakta, wanda muke kira Shef. Ni Ramatu, 'yar Zongon Parakou da aure ya kai unguwar Ganou, aikina rubutu ne. Injiniyoyi su rubuta umarni da doguwar Faransancinsu, ni in mayar da shi Hausar da mai magaza zai ji ya yi aiki da ita. Wasu abokan aiki biyu suna yin na yaren Dendi da na Bariba.

Masararmu iri biyu ce. Akwai mai wata uku, akwai mai wata huɗu. A tafin hannu ba ka raba su, ƙwayar ɗaya ce, launin ɗaya. Shekara da shekaru abin da yake raba su shi ne zaren bakin buhu: jan zare mai wata uku, koren zare mai wata huɗu. Ko makaho ya tambayi na kusa da shi ya gane.

Sai aka kawo mana sabon Shef, Musye Bio, mutum mai aiki da hankali, amma bai yarda da kowa ba, har da inuwarsa. A taronsa na farko ya ce zare ba shaida ba ne, duk mai allura yana iya farke buhu ya sake ɗinkewa da zaren da ya ga dama. Daga ranar aka ce buhu zai zama iri ɗaya, zare fari, a buga wa kowanne shaida a gaba: harafi ɗaya, lambobi uku, sai wani harafin. Harafin farko yana faɗin irin masarar, P mai wata uku, T mai wata huɗu, daga kalmomin Faransanci na abin da ya zo da wuri da abin da ya makara. Harafin ƙarshe kuma yana faɗin inda aka noma ta. A shekarar wuri biyu ne kawai, Parakou da Tchaourou, wato su ma P da T. Babu wanda ya ga wani abu a nan, ni ma ban gani ba.

Abin da na gani, na kuma kwana uku ina fama da shi, shi ne sunan da za mu ba waɗannan abubuwa da Hausa. Shef yana so in ari kalmar injiniyoyi mai haɗa haruffa da lambobi wuri guda, in rubuta ta da harufanmu. Na ce masa in na rubuta wannan kalma, mai magaza zai ɗauka sunan maganin ƙwari ne. Na shiga Zongo ina tambaya. Masu allo suka ce su baƙi suka sani, 'yan lekol, wato masu karatun boko, suka ce harafi. Na ɗauki harafi, don baƙi zai sa wani ya tafi neman launi. Lamba kuma mutane suna kiran duk abin da yake jikin mota da ita, harafi da ƙirga gaba ɗaya, don haka na ce abin dungurungum sunansa shaidar buhu, lamba kuwa ta tsaya ga sifili zuwa tara. Har na sa aka hana buga sifili kusa da harafi, kada a ruɗa shi da O. Na fito da jimla uku da nake taƙama da su: «Duba harafi na farko na shaidar buhu. In P ne, mai wata uku ce. In T ne, mai wata huɗu ce.» Na karanta wa mijina, na karanta wa maƙwabciyata, kowa ya ce ta fita.

A watan Afrilu aka tara masu magaza a Parakou don koya musu sabon tsari. Lokacin masarar Tchaourou ba ta iso ba, buhun da muka samu a kusa muka jingina da tebur, na kwafi shaidarsa a allon bango da manyan haruffa: P204P. Na karanta jimlolina sau biyu, na tambaya ko akwai mai tambaya. A layin gaba akwai Alfa Musa na Djougou, dattijo siriri mai farin gemu, jikan fataken goro, wanda ya fi shekara ashirin yana riƙe da magazarmu. Bai yi lekol ba. Haruffan boko ya san kamanninsu ɗaya bayan ɗaya, yadda kakanninsa suka san alamar kowane huhun goro, amma karatunsa da rubutunsa na ajami ne. Ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta abin da na faɗa, ya gyaɗa kai, bai ce uffan ba.

Damina ta shekarar ta zo da gardama. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, sai ya ɗauke a watan Yuni har shukar ta ƙone. Da ya dawo Yuli ta kusa ƙarewa, kowa ya san mai wata huɗu ba za ta kai ba, duniya ta koma neman mai wata uku. Cikin Agusta Alfa Musa ya bugo waya ya ce tasa ta ƙare. Shef ya duba takardun abin da aka aika masa, ya ɗaga gira, ya ce ya ƙare da wuri haka? Ya ajiye maganar, amma na ga ya ja layi ƙarƙashin sunan Djougou.

Tsakiyar Satumba malamin gona ya dawo daga ƙauyen Onklou da ke hanyar Djougou da labari marar daɗi. Manoman da suka karɓi iri a magazar Djougou a kan mai wata uku ce, masararsu ta yi tsawo ta yi ganye, amma ba goyo. Ya nemi buhunan da suka juye, ya kawo biyu ofis. Shaidarsu da T ta fara. Mai wata huɗu aka ba su.

Shef ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Da Faransanci muke magana da shi. Ya ce: «Madam Ramatu, lissafin a fili yake. Mai wata uku ta yi tsada bana. Tsohon ya karkatar da ita kasuwa, ya cika wa manoma hannu da wadda ba mai so.»

Da na yi shiru da ya fi. Amma ni da bakina na ƙara wa wutar itace. Na ce masa ai mutanen Djougou sai a hankali, jinin fatauci ne, suna yi maka murmushi suna auna nauyin aljihunka. Wasa ne da mu 'yan Zongon Parakou muke yi da su tun kakanni, su ma suna da nasu a kanmu, amma ranar ba da wasa na faɗa ba. Na tuna yadda Alfa ya zauna a gaba bai yi tambaya ba, na ce ashe shirunsa na mai shiri ne. Na tuna ba ya barin kowa ya riƙe masa makulli ko na minti ɗaya, na ce ga dalili. Duk abin da na taɓa yabonsa da shi, a ranar ya zama shaida a kansa.

Ƙa'idar kamfani ita ce, in ana zargin mai magaza, a dakatar da shi da takarda, a canza kwaɗo, washegari a ƙirga kaya a gabansa da gaban shaida, sannan rahoto ya je wa Shef, shi zai yanke ko kora ce ko har da 'yan sanda. Tunda Alfa ba ya jin Faransanci sosai, aka ce in je ni da malamin gona. Malamin gonan ya riga ni a kan babur, ni na bi motar haya.

Na sauka a Onklou tukuna. Shugaban manoman, wani mai suna Isifu, ya kai ni gonarsa ba tare da ya gaishe ni da kyau ba. Masara ta wuce kaina, kore shar, kyakkyawa, ba ko goyo ɗaya. Ya kama kara guda ya girgiza.

«Madam, duba. Alfa ya ce mini da bakinsa wata uku. Na ce ka tabbata? Ya ce wallahi. Ruwa saura kwana nawa? Yarana ganye za su ci?»

Mutane sun taru a bakin gonar, maza da mata, ido a kaina. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina so su san kamfani ba ya cikin wannan cuta. Na ɗaga murya na ce su kwantar da hankali, ɓarawon ba zai sha ba, yau ɗin nan zan rufe masa magaza. Haka na faɗa, ɓarawo. Wani ya juya maganar da yarensu don waɗanda ba su ji ba.

Na isa Djougou ana kiran azahar, ranar kasuwa ce. Magazarmu tana bakin hanya, da rumfar kwano a gabanta inda matan kasuwa suke barin kayansu a hannun Alfa in za su shiga ciki. Ya taso da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ɓare goro ya miƙo.

«Maraba da ɗiyata. Ina mutanen Parakou? Ina maigidan?»

Na karɓi ruwan ban sha ba. A raina na ce ga goron toshiya tun ba a fara ba. Na ce masa: «Baba, ku buɗe mana ko'ina, har ɗakin baya.»

«Mi kike nema ɗakin baya? Ba komi ciki sai wadda ba ta fita ba. Bari in yi salla in zo.»

«A'a Baba, yanzu.»

Ya dube ni, ya dubi malamin gona, ya sa hannu a aljihu ya fito da makullai. Da ƙofar ta buɗe sai na ji wani daɗi marar kyau ya ratsa ni, irin na wanda zarginsa ya tabbata. Buhuna ne jere a kan katako, an ɗaga su daga ƙasa, an rufa musu leda, tsaf. Na yaye ledar. P317T. P318T. Duk da P suka fara. Mai wata uku, wadda ya ce ta ƙare, wadda mutanen Onklou suka rasa.

«Wannan fa, Baba?»

«Mai wata huɗu ce, ɗiyata. Ba wanda ya so ta bana, shi ya sa na killace ta kada ta lalace.»

Na yi wata dariya da har yau in na tuna ina jin kunya. Na ce masa ashe har yanzu yana ganin yarinya ce a gabansa. Na fito rumfa na karanta takardar dakatarwa da Faransanci, na juya ta da Hausa, da ƙarfi, ban rage murya ba. Matan kasuwa suna tsaye, masu babur sun tsaya, limamin unguwarsu ya fito zai wuce masallaci shi ma ya ja ya tsaya. Na cire kwaɗonsa na miƙa masa, na ɗana nawa. Bai yi gardama ba. Ya ɗauki butarsa da buzunsa, ya ce: «Allah ya bayyana gaskiya.» Na ce amin, har da ƙarfi.

Na kwana gidan gwaggona. Da safe muka haɗu don ƙirga, ni da shi da malamin gona a matsayin shaida. Ya zo da littafinsa a hannu, idonsa ja, da gani bai runtsa ba. Tsarin ƙirga shi ne mai magaza ya karanta shaidar kowane buhu da bakinsa, ni in rubuta, shaida ya duba. Muka fara da ɗakin baya.

Ya durƙusa gaban buhun farko, ya ɗora yatsa a kan shaidar. Yatsan ya sauka a gefen dama. Ya ce: «T. Bakwai. Ɗaya. Uku. P.»

Na ce: «Me kuka ce?»

Ya maimaita, yatsan yana tafiya daga dama zuwa hagu, a nutse, ba gargada. «Harafi na farko T. In T ne mai wata huɗu ce. Haka kinka ce muna a Parakou, ga shi na rubuta.»

Kada ku ɗauka nan take na gane na yi nadama. Ko kusa. Abin da ya fara zuwa mini shi ne: tsohon nan ya kwana yana saƙa wannan dabara. Na ce a raina, fatake ke nan, an kama shi da kaya ya koma wawa. Na yagi takarda na rubuta shaidu na ƙarya guda shida, na riƙa miƙa masa da sauri, ina so ya manta ya fara daga hagu ko sau ɗaya. Bai manta ba. Na karɓi littafinsa na buɗe shafin Afrilu. Na yi allo ina ƙarama a Zongo, ajami ba ya gagarata in na yi a hankali. Ga jimlolina uku, kalma da kalma, ga P204P a ƙarƙashinsu ya zana da kyau. Na ce wannan ma ana iya rubutawa jiya.

Sai malamin gona ya taɓa ni ya nuna bango. A saman jerin buhunan akwai rubutun gawayi da ajami, manya: wata huɗu. A kan harafi guda zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, ya bushe, har 'ya'yan sun huda sun fita. Na leƙa babban ɗaki, can ma bango yana da nasa rubutun, wata uku, a saman inda buhunan Onklou suka taɓa zama. Ba jiya aka yi waɗannan ba.

Na zauna a kan buhu. Abin ya riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. Buhun da ya fara da P ya ƙare da P, ta ko'ina ka karanta daidai ne, haka mai T biyu. Waɗannan ya raba su ba kuskure, shi ya sa ba duka manoma suka yi kuka ba. Masu haruffa daban ne suka juye masa. Misalin da na ba su a Parakou kuwa, na zaɓi wanda ba ya nuna komai. Kuma wane ɓarawo ne zai ɓoye mai wata uku ya zauna a kanta har lokacin shuka ya wuce, har da rufa mata leda? Wannan tambayar ba ta buƙatar ajami. Jiya ma tana nan, fushi ne ya hana ni yin ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma daga hannun dama na fara karatu a duniya. Malaminmu na allo ya sha buge mini yatsa in na kai shi hagu. Shekarun lekol da ofis suka shafe wannan daga kaina har na ɗauka farko wuri ɗaya yake ga kowa. Na kwana uku a kan harafi da baƙi, ban ba «na farko» ko minti ɗaya ba.

Na ce: «Baba, daga hagu ake farawa.»

Ya kalli buhun. Ya ɗora yatsa a hagu, ya ɗauke. Sai ya ce a hankali: «To mutanen Onklou fa? Ni na rantse musu.» Bai tambayi aikinsa ba, bai tambayi kwaɗon ba. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Ba ni da ikon cire kwaɗon sai da izinin Shef, don haka na koma Parakou da makullin a jakata. Zan faɗa muku gaskiya, a motar nan na rubuta rahoto iri biyu a kaina. Ɗaya yana cewa mai magaza bai iya karatun boko ba, ya yi kuskure. Ba ƙarya a ciki, kuma sunana ba ya ciki. Ɗayan yana cewa umarnin da aka ba shi ne bai faɗi gefe ba. Har muka shigo gari ban zaɓa ba.

Shef ne ya zaɓar mini. Da na fara bayani ya jingina da kujera yana kallona da irin kallon da na yi wa Alfa jiya. Ya ce: «Madam, kin tafi da wuta kin dawo da ruwa. Me ya ba ki? Ko kuwa abin na 'yan yare ɗaya ne?»

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina. Shekara tara ina aiki, ko biro ban taɓa kaiwa gida ba. Kwana ɗaya tak aka zarge ni, a ɗaki a rufe, ba kowa sai mu biyu, na ji kamar in haɗiye zuciya. Na ce masa ya ba ni minti biyar. Na sa aka shigo da buhu, na kira direban babbar motarmu, wanda ya yi lekol, na ce ya nuna harafi na farko. Ya nuna hagu. Na kira Malam Garba maigadi, mahaddaci ne, bai san abin da ake ciki ba. Na ce: «Malam, don Allah nuna wa Shef harafi na farko a nan.» Ya gyara hula, ya ɗora yatsa a dama, ya dube mu yana mamakin wannan tambayar yara.

Sai Shef ya ce in kawo takardar umarnin. Ya karanta ta Faransancin, ita ma «na farko» ta ce. Ya yaga takardar dakatarwa biyu, ya ce a rubuta rahoto cewa an sami rashin fahimta tsakanin ofis da magaza. Ni na buga rahoton da hannuna. Ba sunana, ba nasa. Na ji sanyi a raina da na ga haka, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan kwana biyu na koma Djougou na cire kwaɗon. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfar ba kowa sai awaki. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce laifin rubutuna ne. Ya ce: «Tashi, ɗiyata, na yafe. Ni ma da na tambaya. Amma da kin tambaye ni kafin ki sa kwaɗon.»

Na tsaya Onklou a hanyar dawowa don in gyara abin da na faɗa. Ruwa ya riga ya fara ja da baya, ganyen masara ya soma naɗewa. Mutum biyar suka zo. Na zana shaidar a ƙasa da tsinke, na nuna hagu, na nuna dama. Isifu ya saurara har na gama, ya ce: «Madam, ranar nan kin ce ɓarawo, kowa ya ji. Yau kin ce harafi. To, mun ji.» Ya tashi ya kaɗe wandonsa. Daga baya kamfani ya kai musu masarar ci, ta rage zafi, amma ba ta mayar da daminar ba.

Alfa Musa ya ƙarasa shekarar a magaza. Malamin gona ya gaya mini matan kasuwa sun koma barin kayansu a rumfar mai gyaran babur. Ba wanda ya ce masa komai a fuska, kawai dai an daina. Da aka gama kwashe amfani ya zo Parakou da kansa, ya ajiye makullai a teburin Shef, ya ce idonsa ya fara rauni. Idonsa lafiya lau yake, ni na ga yadda yake karanta ɗan littafin nan ba tabarau.

Tun daga lokacin aka mayar da zare ja da kore, shaidar kuma tana nan, amma harafin wurin noma ya koma tsakiya. Ni kuma na daina rubuta «na farko» da «na ƙarshe» a kan duk abin da ake dubawa da ido. Ina rubuta «na hannun hagu», in zana buhun, in kewaye harafin. In zan ba da misali ina neman wanda in an juya shi zai ba da amsa dabam, don misalin da kowa zai ci bai koyar da kowa ba. Kuma takarda ba ta fita ofishin nan sai na miƙa ta ga mutum irin wanda zai yi aiki da ita, na ba shi buhu, na kama bakina na kalli inda yatsansa zai sauka. Mijina da maƙwabciyata ba su ne masu magaza ba.

Kalmar da takan cuce ku a aikin nan ba mai wuyar ba ce. Mai wuya kowa yana tsayawa a kanta, a yi ta gardama. Ƙaramar nan ce da kuke gani ba ta buƙatar bayani. In kuma kaya suka tafi ba daidai ba, kafin ku tambayi wa ya ci amana, ku ɗauko takardar da kuka rubuta ku karanta ta da idon wanda kuka ba. Masu magazarmu galibi suna yin abin da muka ce ne daidai, har abin ya ba da tsoro.

Bara na bi ta Onklou, mota ta tsaya shan mai, na ji wani yana ba abokinsa kwatancen wata gona. Ya ce ita ce wadda ta mutu a shekarar ɓarawon iri. Ina zaune a kujerar gaba, ya dube ni ya gaishe ni da ladabi. Ni har yau ba wanda ya taɓa kirana da wani suna sai Madam Ramatu.